Kuɗin da anka hana mu sayen bulo da su: shekara biyu na ƙungiyarmu ta gina gidaje a Tawa

Ranar da takardar ta iso daga Yamai, sai da shugaban ƙungiyarmu ya sa na karanta mashi ita har sau biyu, sannan ya ce to Mushe maida min da Hausa a hankali, don shi yana zaton faransancin ne ya ruɗe shi. Ba faransanci ba ne. Abin da ke rubuce shi ne an amince za a ba mu tallafi na shekara biyu, kuɗi masu kauri kuwa, waɗanda a lissafinmu na lokacin sun isa su tada gida goma da ɗoriya, amma da sharaɗi, ba siminti, ba kwano, ba ƙofa ba taga, ko bulo ɗaya ba za a saya da su ba. Kuɗin na gyaran ƙungiyar ne ita kanta. Albashin kwantabul mai riƙe lissafi, albashin teknisiye mai duba gini, takardun fili, horon magina, kwamfuta, binciken lissafi a ƙarshen shekara. Elhaji ya tuɓe hula ya aje bisa gwiwa ya ce, wato mai jin yunwa anka aiko ma tukunya.

Ni ne sakataren ƙungiyar, kuma koyarwa ce sana'ata, shi ya sa kowa ke ce min Mushe. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, ba zan faɗi sunan waɗanda sunka ba mu kuɗin ba, da su da mutanen da zan ambata, don akwai wurin da zan yi ƙorafi kuma har gobe muna gaisawa. Abin da nake so shi ne in rubuta yadda abin ya tafi tun daga farko, saboda ƙungiyoyi da dama na cika irin wagga dosiye ba tare da sun san abin da ke cikinta ba.

Mu dai asalinmu ba ONG ta katkat da ofis mai sanyi ba ce. Hira ce ta fada da ta zama asusu, asusun ya zama ƙungiya mai takardar izini bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984. Cikinmu akwai malaman lakkol, akwai ƴan kasuwa biyu, akwai magina, akwai kuma ƴan ci-rani, don duk wanda ya san Adar ya san rabin ginin da ake yi nan da kuɗin Abijan da Kamaru da Libiya ake yin shi. Damanar 2020, wadda ruwa ya karya madatsar bakin kogi a Yamai ya shiga Lamorde, mu ma nan gidajen ƙasa sun faɗi da yawa, kuma nan ne munka ce maimakon kowace shekara a tara kuɗin shinkafa da tabarma a kai ma wanda ɗakinsa ya rushe, gara mu riƙa gina ɗaki biyu da shigifa da bayi da katanga, mutum ya shiga yana biya kaɗan kaɗan kamar yadda yake biyan luwaye, wato kuɗin haya, in ya gama gida ya zama nasa, kuɗin su koma su gina ma wani.

Wanda bai san lissafin ba zai ce to banki fa? Ai akwai bankin gidaje Banque de l'Habitat, akwai kamfanin gina gidaje SONUCI tun tuni, akwai ma wani asusu a Lome, CRRH-UEMOA, da anka kafa a 2010 don ta riƙa ba bankunan yankinmu kuɗi masu dogon wa'adi na bashin gida. Duk gaskiya ne. Sai dai duk waɗannan ƙofofi da takardar albashi ake ƙwanƙwasa su, da kuma takardar fili mai ƙarfi. Mutanenmu kuwa mai ƙosai ce, ɗan kabu-kabu ne, mai gadi ne, gwauruwa ce mai ɗiya biyar da ke jiran abin da ɗanta zai aiko ta kamfanin aika kuɗi NITA. Ko mai albashin ma, mafi ƙanƙanta jika 30 da ƴan kai ne (30,047) har sai farkon 2024 da anka maida shi jika 42. Asusun bada rance na ƙananan kuɗi kuma doka ta yarda masu ruwa har kashi 24 cikin ɗari a shekara, wannan a juya shi a kasuwa wata shida ne, ba a gina gida da shi a biya cikin shekara bakwai ba.

Gidajen farko munka yi su da zuciya, kuma zuciya kaɗai. Ina faɗin haka ba don in zagi kowa ba, har da ni ciki. Lissafin duka cikin kaye ɗaya yake, littafin rubutu na ƴan lakkol, a hannun ma'ajinmu, mutum mai amana wanda ban taɓa zarginsa da dala ɗaya ba, amma in ka ce mashi nawa gida na huɗu ya ci sai ya ce bari in tuna. Siminti a ɗauko bashi wurin ɗan kasuwarmu, yashi a biya da kuɗin wata na wani, ɗan ci-rani ya aiko da gudummawa ta faɗa aljihun shugaba ya biya lebura da ita a shantiye ba rasi ba komai. Gidajen sun tashi, hotunan sun yi kyau a Facebook, amma ba mu san ko riba muke ko faɗuwa ba, kai ba mu ma san farashin gida ɗaya ba, mun dai yanke ma mutane abin da za su biya da ka.

Sai abubuwa uku sunka faɗo mana cikin shekara guda. Na farko fili. Mun sayi gona a bakin gari wurin wani magaji, da shaidu da takardar gargajiya, munka yanka ta da kanmu, ashe ɗan'uwansa ya riga ya saida rabinta ga wani, shi ma da shaidu da tasa takardar. Gida biyu sun kai linto anka tsaida aiki. Na biyu rufi, iskar farkon damana ta yaye kwanon gida uku saboda ba a ɗaure shi da ƙarfe cikin gini ba, an dai aza bulo bisa kamar yadda kowa ke yi. Na uku shi ya fi ciwo, mutane sunka daina biya. Ba don mugunta ba. Babu wanda aikinsa ne ya je karɓa, duk wanda anka aika kunya yake ji don maƙwabciyarsa ce ko surukar abokinsa, kuma da labari ya bazu cewa wance wata huɗu ba ta biya ba kuma ba a ce mata komai ba, sai kowa ya gane ashe sadaka ce.

A cikin wannan hali ne wani ɗan garinmu da ke aikin proje a Yamai ya turo mana sanarwar tallafin. Shi ne kuma ya yi min bayanin inda irin wanga tsari ya samo asali, daga baya na bi na karanta da kaina. A Amurka abin doka ne. Ma'aikatar gidaje tasu, HUD, tana da wani shiri da ake kira Sashe na 4, daga wata doka ta 1993, wanda kuɗinsa ba na gini ba ne, na ƙarfafa ƙungiyoyin unguwa ne masu gina gidaje masu rahusa ba don riba ba. Gwamnati ba ta miƙa ma ƙananan ƙungiyoyin kai tsaye, tana bi ta manya uku, LISC da Enterprise Community Partners da Habitat for Humanity, su kuma su raba, su horar, su sa ido. Kuma kowace dalar Amurka ɗaya da gwamnati ta sa sai an nemo uku daga wani wuri an aza mata. Akwai wani shirin kuma, HOME, na dokar 1990, da ya ce a ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin gidaje don irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma ana iya ɗibar har kashi 5 a biya masu kuɗin tafiyar da ofis.

Hikimar a fili take, kowa na son a ɗauke shi hoto yana miƙa makulli, ba mai son biyan wanda ke zaune yana haɗa rasi. Amma akwai abin da ɗan garin namu bai faɗa min ba, sai da munka ji a jikinmu. A can, ƙungiyar da anka ƙarfafa tana da inda za ta nufa bayan an ƙarfafa ta: akwai kuɗin gini na gwamnati da ke jiranta, akwai rangwamen haraji tun 1986 da ke jawo masu kuɗi su zuba jari cikin gidajen haya masu rahusa, kuma cikin kowane aiki ana yanka ma ƙungiyar ladanta na mai gini, da shi take biyan ma'aikatanta. Wato tsani ne da anka jingina ga soro. Mu nan an kawo mana tsanin, soron ne babu. Zan dawo kan wannan.

Taron da munka yi kan ko a karɓa ko a bari ya kai mu har bayan isha'i. Babban maginimu, dattijo ne da ya gaji sana'ar, ya ce ma shugaba, Elhaji ni ban ga amfanin a ɗauko yaro daga jami'a a ba shi albashin da ya fi abin da nake samu a shantiye ba, don ya zo ya ƙirga min bulo. Elhaji ya ce Baba ai ni ma abin da ke raina ke nan. Wata Hajiya da ke cikinmu, wadda ta daɗe tana jagorancin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, ita ta juya taron. Ta ce Elhaji, mu mata tun 1991 da anka fara wanga asusu a Maradi, akwati ɗaya makulli uku, kuma ba a buɗe shi sai gaban kowa, ba don muna zargin juna ba, don kar shaiɗan ya samu wurin zama. Ku maza kun gina gida goma sha huɗu da kaye ɗaya, yanzu in Allah ya ɗauki ran ma'aji gobe, wa zai ce ga wanda ake bi ga wanda ke bin mu? Ma'ajin da kansa ya ce wallahi Hajiya ta faɗi gaskiya, ni ma abin na hana ni barci. Da haka anka sa hannu.

Abin da anka fara yi shi ne masu kuɗin sunka aiko mutum biyu sunka kwana uku suna tambayarmu, wa ke sa hannu a fidda kuɗi, ina rajistar kaya, yaushe kunka yi babban taro na ƙarshe. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma daga nan anka fidda jerin abin da za a yi.

Kwantabul ɗin da munka ɗauka yarinya ce da ta gama jami'ar nan ta Tawa. Wata uku na farko ba ta yi komai ba sai tonon baya, ta zauna da ma'aji da kayensa, ta bi ɗan kasuwar siminti, ta bi masu amalanken yashi, har ta fito da farashin gida ɗaya na gaskiya. Ranar da ta karanta shi gaban komiti shiru anka yi, don ya nuna ko da kowa ya biya daidai har ƙarshe, kuɗin da za su dawo ba su gina wani gida irinsa. Mun manta kuɗin fili, mun manta ruwan da ake saye a tono, mun manta sufuri, mun manta siminti na tashi. Wato asusun da muke kira mai juyawa narkewa yake kamar ƙanƙara a watan Afrilu. Ta buɗe mana kwant a banki mai sa hannu biyu, ta hana biyan kowa ba faktir, abin da ya sa masu yashi sunka yi mata laƙabi da Madam Kashe, wato mai hatimi. Kuma sa'a munka yi da lokacin, saboda OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashenmu, ta fito da sabon tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na riba ba, SYCEBNL, wanda a Yamai ma anka amince da shi a Disamba 2022, ya fara aiki 1 ga Janairu 2024. Da kayen nan ya riske mu da ban san inda za mu sa kanmu ba.

Na biyu, kuma ni a ganina shi ne kuɗin da ya fi kowane yin aiki ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta a bidje, shi ne alawus ɗin mai karɓar kuɗi. Hajiya ce ta kawo ta, mace mai fara'a amma ba ta jin kunyar kuɗi. Ita ta ce a daina maganar wata wata. Mai ƙosai ba ta da jika goma sha biyar ranar 30 ga wata, amma tana da ɗari biyar ɗin sefa kullum da hantsi. Sai anka koma karɓa kowane mako, wasu ma kowace rana, da ɗan karne mai kashe a hannun kowa. Na taɓa raka ta gidan wata tsohuwa da ta yi wata biyar ba biya, ina jin ta tana cewa, Inna ba korarki na zo yi ba, amma kin san wance da ke kwana a rumfa da ɗiyanta? kuɗinki ne bulonta. Tsohuwar ta shiga ɗaka ta kwance bakin zane. Gidajen ƴan ci-rani kuma anka daidaita masu biya da lokacin da aike ke zuwa, ba da kalanda ba.

Fili kuwa darasi ne mai tsada. Da kuɗin tallafin munka ɗauki mai awon ƙasa, munka nemi shawarar masanin doka, munka koyi bambancin da da can muke ji kamar surutun ƴan boko: takardar gargajiya ta gona daban, takardar parsel da ake bayarwa bayan lotisma, wato yanka filaye na hukuma, daban, titir fonsiye, takardar mallaka ta dindindin, kuma shi ne gaba da su duka. Rigimar gonar sai da anka zauna gaban mai unguwa da dattawa, munka haƙura da wani yanki munka tsira da gidajen biyu. Tun daga nan doka ce a wurinmu, ba a aza tubali sai dosiyen filin ya cika, kuma an fi son mutum ya zo da parsel ɗinsa mai takarda mu gina mashi bisa. Wannan ya rage mana gudu sosai, kuma ya fidda mafi talauci daga layi, don wanda ba shi da komai ai ba shi da parsel. Har yau abin na damuna.

Batun magina shi ne inda na fi jin daɗi kuma inda Baba ya ba ni mamaki. Teknisiyen da munka ɗauka bai zo da girman kai ba, ranar farko ya durƙusa ya gaida shi ya ce Baba ni takarda na sani, ƙasa ku kunka san ta. Shi ya kawo shawarar a bar bulon siminti a koma bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ana sa mata siminti kaɗan, a rufe da leda ana yayyafa ruwa har ta yi ƙwari kafin a gina. Mutane sunka ce wa zai biya shekaru don a ba shi gidan laka? A nan gidan ƙasa alamar rashi ce, kowa burinsa dur. Sai anka ɗauki magina da wasu daga masu jiran gida a mota anka kai su Dandaji, cikin jiharmu, sunka ga masallaci da ɗakin karatu da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sunka zana, wanda anka gama a 2018 da irin wanga bulo. Da rana tsaka sunka shiga, sunka ji sanyin ciki ba fanka. Baba ya daɗe yana shafa gini da tafin hannu. A hanyar dawowa shi ke ba yaran labarin masallacin Yama da Falke Barmu ya fara a 1962 da laka zalla, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, yana cewa mu Adarawa ba a koya mana ƙasa, mantawa munka yi. Dama a Yamai ma an yi gidaje shida da wannan bulo, Niamey 2000, tun 2016, kuma gini marar ice mai rufin tulluwa an fara gwada shi a Shikal tun wajen 1980, akwai maginan da sunka iya shi. Mu dai ba mu kai ga tulluwa ba, mun tsaya ga bangon matsattsen bulo, da tushe na dutse da siminti don ruwa, da kwano ɗaurarre da silin. Injin matsewar kansa sai da munka yi ta rubutu kafin a yarda kayan horo ne ba kayan gini ba.

To amma ba duka kuɗin ne sunka tafi inda ya dace ba. Kaso mai yawa an riga an ɗaure shi ga atiliye, wato tarukan horo. Atiliyen shugabanci, atiliyen tsara manufa ta shekara biyar, atiliyen yadda ake rubuta rapor, duk a otel a Yamai, tafiyar kilomita sama da 500 ta Ƙonni da Doso, da perdiyem da jaka da biro. An kawo mana wani masani ya rubuto mana littafin ƙa'idojin aiki mai kauri da faransanci, wanda na tabbata na wata ƙungiya ne anka canza suna don a wani shafi an manta sunan wani gari. Rabin komitinmu ba su karanta faransanci. Mun roƙa a maida kuɗin atiliye biyu su zama ƙarin wata shida na albashin kwantabul, anka ce layin bidje ba ya motsi. Perdiyem ɗin ma ya so ya haɗa mu faɗa, mutanen da shekara uku suna aiki don Allah sunka fara tambayar me ya sa wane ne kullum ke tafiya.

Sannan sharaɗin gudummawa. Su ma sun kwaikwayo tsarin nan na a nemo wani kuɗi a aza, ko da yake namu bai kai uku bisa ɗaya ba. A Tawa wane kamfani za ka je ma? Sai da munka yi gardama mai tsawo kafin su yarda a ƙirga gayya, wato kwanakin da masu gida da danginsu ke yi suna tonon ƙasa da ɗaukar ruwa da buga bulo, a ba ta farashi a rubuta. Abin dariya, Habitat for Humanity tun kafuwarta a 1976 da gumin mai gida take aiki, amma mu sai da munka kawo rajista da sa hannu da dangwale kafin a yarda gumi kuɗi ne.

Ana cikin haka anka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa mana takunkumi ta rufe iyaka, kuɗi sunka yi wuyar fita banki, kason tallafin na uku ya makara watanni, kayan gini sunka hau. Kwantabul ta yi wata biyu ba albashi ba ta tafi ba. Abin da ya riƙe mu lokacin shi ne karnen mai karɓar kuɗi, don shi bai san takunkumi ba, da kuma bulon ƙasa da bai cin siminti da yawa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, sai ga damanar 2024 da ruwan da ya kada har tsohon masallacin Damagaram. Gidajenmu na sabon tsari ba wanda ya faɗi, ba wanda kwanonsa ya tashi, kuma wannan ya fi duk wata tafiya Dandaji, layin masu nema ya ninka. A Oktoba gwamnati ta karya farashin siminti, tan ya koma jika 55 a Yamai, nan ma ƙasa da haka tunda Malbaza na kusa. Wato daidai lokacin da munka iya lissafi, munka iya gini, mutane sunka yarda, kaya sunka sauka, daidai nan tallafin ya ƙare.

Nan ne maganar tsani da soro. Mun rubuta dosiye wajen biyar muna neman kuɗin gini, yanzu da lissafi mai kyau da rapor ɗin odit a hannu, amma masu bada tallafi da yawa sun tattara ko sun koma agajin gaggawa. Banki kuma ya yaba takardunmu ya ce sai jingina. Albashin mutum uku ya dawo wuyanmu, mu da ba mu da ladan mai gini. Teknisiye ya samu aiki a wani proje da ke biya ninki, ya zo har gida ya yi ma Baba sallama, ba wanda ya ga laifinsa. Mu munka horar, wasu sunka ɗauka.

Dole ta sa munka buɗe maganar da muke gudu tun farko, a ɗora wani abu bisa farashin gida don ofis ya rayu. Elhaji ya ce shi ba ya cikin riba, bashi munka ba mutane, bashi kuma ba ya haihuwa. Anka je wurin malamin da muke karatu gunsa. Ya saurara, ya tambayi kwantabul, ɗiyata, kuɗi kuke ba mutum ya je ya gina, ko ku ke ginawa ku miƙa mashi? Ta ce mu ke ginawa Malam. Ya ce to ai wannan ciniki ne, ku faɗa mashi abin da gidan ya ci, ku faɗa mashi abin da kunka aza, ku yanke farashi ɗaya tun ranar farko da wa'adinsa, in ya makara kar ku ƙara mashi ko dala. Haka muke yi yanzu a sabbin gidaje, kuma ba don ta tono farashin gaskiya ba da ba mu da abin da za mu faɗa ma mai saye.

Abin da anka aza ɗin bai kai ya biya mutum uku ba, lissafinta ya nuna sai muna gama gidaje ninkin na yanzu a shekara. Don haka mai karɓar kuɗi tana nan da alawus ɗinta, kwantabul ta koma zuwa kwana biyu a mako, sauran kwanakin tana riƙe ma wasu ƴan kasuwa lissafi, aikin teknisiye kuma babban yaron Baba ya ɗauka, shi ke duba tushe da ɗaurin kwano da takardar da anka bar mashi. Injin bulo muna bada shi haya ga masu gina katanga, yana kawo na mai da na gyara. Littafin ƙa'idojin nan mai kauri yana cikin armuwar, wanda muke aiki da shi shafi huɗu ne da Hausa da ni da Hajiya munka rubuta.

Makon jiya anka kira taro don zaɓen gida biyu da za a fara bayan damana, masu nema sun fi talatin. Baba ya zo da wuri, ya zauna bisa tabarma, ya ce ba a fara ba sai Madam Kashe ta iso, shi ba ya aza tushe bai ji nawa ke cikin kwant ba. Ranar kuwa ba ranar zuwanta ba ce, sai da anka aika ɗan kabu-kabu ya ɗauko ta daga kasuwa.